FreeDOS 1.4 a kan tsohuwar kwamfuta: me za ka ɗauka, me za ka bari

Ranar 5 ga Afrilu 2025 aka fitar da FreeDOS 1.4, shekara uku da 'yan makonni bayan 1.3 ta watan Fabrairun 2022. FreeDOS tsarin sarrafa kwamfuta ne na kyauta, mai aiki irin na MS-DOS, da Jim Hall ya fara a 1994, shekarar da Microsoft ta fitar da MS-DOS 6.22, wanda daga shi ba ta ƙara sayar da DOS shi kaɗai ba. Baƙin allo ne da alamar C:\> tana jiranka ka rubuta umarni. An gina shi don ya yi aiki tun daga irin IBM PC ta 1981 mai furosesa 8088 da gudun megahaz 4.77, har zuwa Pentium ɗin da ke jibge a bayan shagunan gyara na Tudun Wada a Gusau suna jiran 'yan jari-bola.

Masu buƙatarsa a nan sun fi yadda ake zato. Akwai mai gyara da ke son sabunta BIOS, wato manhajar cikin kwamfuta da ke tayar da ita, ko ya gwada faifai ba tare da Windows ta shiga tsakani ba. Akwai mai tsohuwar manhajar lissafin shago da aka rubuta da dBase ko Clipper, wadda ba ta san komai ba sai DOS. Sannan ga ɗaliban kwamfuta na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda ko ta Talata Mafara, waɗanda za su fi gane yadda memori da faifai ke aiki idan suka gan su tsirara. Ra'ayina a kan wannan fitowa shi ne: a ɗauki FDISK (mai raba faifai) da FreeCOM (mai karɓar umarni) da mTCP (kayan netwok) nata, amma kwamfutar da ke aiki lafiya kada a share ta don a ɗora sabon tsarin gaba ɗaya.

Dalilin yana cikin umarni ɗaya. Rubuta VER /R bayan ka tayar da 1.4, za ka ga kanel 2043, wato zuciyar tsarin ita ce dai ta 1.3. Ba a saka sabon kanel ba domin bai kammala ba lokacin fitowar. Saboda haka duk manhajar da ta ƙi tashi a 1.3 don wani abu da ke cikin kanel, a nan ma ba za ta tashi ba. Windows 3.1 tana tashi da WIN /S kawai, ita kuwa Windows for Workgroups 3.11 sai haƙuri. Canjin yana cikin ƙananan kayan aiki da ke C:\FREEDOS\BIN, kuma kowannensu fayil ne da za ka iya kwafa shi kaɗai.

Kafin ka taɓa ƙarfe

An raba fitowar gida-gida: LiveCD, LegacyCD don BIOS ɗin da LiveCD ta fi ƙarfinsa, FullUSB da LiteUSB na filash, BonusCD mai ƙarin manhajoji, da Floppy Edition. Wannan ta ƙarshe ita ce ta masu 8088 da 286. Idan datarka ta awo ce, LiteUSB ta wadatar wajen gwaji.

Mutane da yawa suna gwadawa a VirtualBox, manhajar da ke tayar da wani tsari a cikin kwamfutarka, su ga komai ya tashi, su yanke hukunci. Gwajin bai cika ba, domin VirtualBox furosesar kwamfutarka ta yau yake miƙa wa DOS. Manhajar da aka haɗa da umarnin 386 za ta gudu lami lafiya a can, ka kai ta kan 8088 ta sandare ba tare da ko saƙon kuskure ba. Ita 8088 ko umarnin PUSHA da ENTER na 80186 ba ta sani ba. Shi ya sa wasu ke cire ta su saka NEC V20, wadda ke shiga soket ɗaya kuma ta san su. Mai son gwajin gaskiya ba tare da ƙarfe ba ya nemi 86Box, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, ya zaɓi IBM XT da memori kilobayit 640 da allon CGA. Abin da ya tsira a nan zai tsira a kan XT ta gaske. Ka kuma riƙe wannan: duk manhajar da ta nemi CWSDPMI, ta 386 ce zuwa sama, kada ka wahalar da kanka da ita a kan 286.

Ta ɗaya gefen kuma akwai laftof sababbi. FreeDOS da BIOS yake magana. Kwamfutar da UEFI, magajin BIOS, kawai gare ta, babu zaɓin Legacy ko CSM a saitinta, ba za ta tayar da shi ba ko ka kwana kana sake rubuta filash. Intel ta sa 2020 a matsayin shekarar daina tallafa wa tsohon BIOS, don haka mafi yawan na bayan nan sun fita daga lissafi. Na hannu da ake kawowa, masu Core 2 Duo ko Core i5 na farko-farko, yawanci suna da zaɓin. A kashe Secure Boot, a kunna Legacy.

FDISK

A nan fitowar ta fi amfani, a nan kuma aka fi yin asara. Tsohon FDISK na FreeDOS ya daɗe da kurakurai da kan iya lalata teburin rabon faifai, kuma wanda ya zo da FreeDOS 1.4, wanda shi ma sigarsa daga jerin 1.4 take, ya sha gyara sosai a hannun Bernd Böckmann. Ko da ba za ka ɗauki komai ba daga wannan fitowa, ka maye tsohon FDISK ɗinka da shi.

Sai dai gyaran manhaja ba ya hana kuskuren hannu. Idan ka tashi daga filash, BIOS yana ɗaukar filash ɗin a matsayin faifai na farko. Shi ne C:, faifan cikin kwamfuta kuma ya koma D:. Wanda ya saba rubuta FORMAT C: da ka, filash ɗinsa zai goge. Wanda kuma ya buɗe FDISK bai duba lambar faifai ba, zai iya share rabon da ba shi ya nufa ba. Ka fara da FDISK /STATUS, ka karanta girman kowane faifai, ka tabbata wanne ne naka, sannan ka kira shi da lambarsa, misali FDISK 2. Idan akwai faifan mai shago a ciki da bayanansa, zare kebul ɗinsa ya fi kowace dabara.

Abu na biyu shi ne iyakar BIOS. Kwamfutocin da aka yi kafin wajen 1994 ba sa ganin fiye da silinda 1024, kai 16, sashe 63. Ka ninka su da bayit 512, za ka sami 528,482,304, wato abin da ake kira iyakar megabayit 504. Na bayansu, har wajen 1998, sukan tsaya a gigabayit 8.4. Tunda tsofaffin faifan IDE sun yi wuya kuma mafi yawansu sun gaji, abin da ake yi yanzu shi ne a saka katin CompactFlash da adafta mai fil 40. Kati mai gigabayit 4 a kan 386 ba laifi ba ne, amma megabayit 504 kawai za ka mora, sai in ka saka XTIDE Universal BIOS a kan katin ISA ko a soket ɗin ROM na katin netwok.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a raba katin a laftof ta zamani, a kwafa fayiloli, a kawo wa tsohuwa. Kowace kwamfuta tana da yadda take lissafa silinda da kai. Wadda ta raba ta rubuta lissafinta a teburi, wadda za ta karanta tana amfani da nata, sai a nemi sashen tashi a inda ba ya nan. Alamarsa: allo ya tsaya da ɗigo yana ƙiftawa, ko DIR ya nuna sunaye daidai amma manyan fayiloli su fito a gurɓace. Maganin shi ne a yi komai a kan kwamfutar da za ta riƙe katin. A tashi daga fulofi, a yi FDISK, a sa wa rabon alamar mai tashi, a sake kunna kwamfuta (kada a tsallake wannan, kanel ba ya ganin sabon rabo sai ya sake tashi), sannan FORMAT C: /S. Idan har yanzu ta ƙi tashi, FDISK /MBR zai rubuta lambar tashi a sashen farko, domin katin kyamara ba ya zuwa da ita.

FDISK zai tambaye ka ko kana son FAT32, tsarin jera fayiloli a faifai da ya gaji FAT16. Ka yi tunani kafin ka ce e. FAT16 ba ya wuce gigabayit 2, kuma a wannan girman kowane gungu, wato mafi ƙanƙantar wurin da ake ba fayil, kilobayit 32 ne, ma'ana fayil ɗin BAT mai layi uku zai cinye kilobayit 32 cur. A rabo mai megabayit 500 gungun kilobayit 8 ne. FAT32 ya magance wannan ɓarna, amma MS-DOS 6.22 ba ya ganinsa sam, CHKDSK na FreeDOS bai iya shi ba, kuma tsofaffin kayan gyaran faifai irin Norton Utilities na zamanin DOS 6 ba su san shi ba. Kada ka bari su taɓa shi. DOSFSCK ne ke duba FAT32, shi kuwa sai 386. A ganina duk abin da ke ƙasa da Pentium ya zauna a FAT16, rabo biyu ko uku ƙanana.

FreeCOM da kilobayit 640

FreeCOM shi ne COMMAND.COM na FreeDOS, wato manhajar da ke karɓar umarnin da ka rubuta, kuma 1.4 ta zo da siga 0.86. Yana tuna umarnin baya da kibiyar sama, yana ƙarasa sunan fayil da Tab, yana da ALIAS, duk ba tare da DOSKEY ba. Wanda ya saba da shi, komawa na Microsoft zai yi masa nauyi.

Abin aunawa a nan memori ne. Manhajar DOS ta asali cikin kilobayit 640 na farko take zama, ko da kwamfutar na da megabayit 64. Duk direban da ka ɗora yana yanka daga ciki. Rubuta MEM /C kafin ka canza komai, ka kwafe jerin a takarda, ka canza, ka sake rubutawa. Layin da ya dame ka shi ne na babbar manhajar da za ta iya shiga. A kan 386 zuwa sama, da direbobin memori HIMEMX da JEMM386, ko JEMMEX da ya haɗa aikin biyun, da DOS=HIGH,UMB a FDCONFIG.SYS, da LH a gaban direbobi a FDAUTO.BAT, samun filin da ya wuce kilobayit 600 ba abin mamaki ba ne. FreeCOM ɗin da ke amfani da XMS, memorin da ke sama da megabayit 1, yana kwashe mafi yawan jikinsa ya kai sama idan wata manhaja ta tashi, ya dawo idan ta rufe.

A kan 286 babu JEMM, sai FDXMS286, wanda zai ba ka XMS da ɗan wurin nan na kusan kilobayit 64 da kanel ke hawa. A kan 8088 babu ko ɗaya. Komai a ƙasa yake zama, kuma kanel da FreeCOM sun fi PC DOS 3.3 ci nesa ba kusa ba. Ga mai XT da kilobayit 256 ko 512, gaskiya ita ce tsohon DOS ɗinsa ya fi masa. Ya ɗebi kayan aikin da yake so ɗaya-ɗaya ya gwada su a kai.

Idan kwamfuta ta sandare tana tashi, JEMM ne farkon abin zargi. Yana laluben wurin da babu kowa tsakanin 640K da megabayit 1, wani lokaci ya taka wurin da katin netwok ko BIOS ke amfani da shi. Danna F8 daidai lokacin da kanel ya fara, zai tambaye ka layi-layi. Inda ta tsaya, nan matsalar take. F5 kuma yana tsallake FDCONFIG.SYS da FDAUTO.BAT baki ɗaya. Idan ka gano wurin da ake rikici a kai, ka ware shi da X= a layin JEMM, misali X=D000-D3FF. Manhajar da ta ce sigar DOS ba daidai ba ce, saboda kanel mai FAT32 yana kiran kansa 7.10 ne, a tayar da ita ta CALLVER a faɗa mata sigar da take son ji.

XCOPY da MOVE

Duka biyun an sabunta su, XCOPY zuwa 1.8b, MOVE zuwa 3.4. Kada ka yarda da kayan kwafi don ya rubuta maka adadin fayiloli a ƙarshe. Ka haɗa masa tarko: folda mai suna GWAJI, a cikinta folda cikin folda har hawa takwas, folda ɗaya babu komai, fayil mai bayit sifili, fayil da ka ɓoye da ATTRIB +H, wani da ka kulle da ATTRIB +R, da babba ɗaya da ya kai megabayit 5. Sunayen foldan su zama gajeru, domin DOS ba ya ɗaukar hanyar folda da ta wuce harafi 64. Sannan:

XCOPY C:\GWAJI D:\GWAJI /S /E /H /I

Ka bi da FC /B a kan fayilolin, ko MD5SUM a ɓangarorin biyu. Kada /V ya rufe maka ido: a DOS ba ya kwatanta abin da aka rubuta da na asali, yana dai tabbatar da cewa sashen na karantuwa. Ka kuma gwada shi a kan faifan da ya kusa cika, ka ga ko IF ERRORLEVEL 1 ya kama gazawar, domin fayil ɗin BAT da ke yin ajiyar dare a kan wannan ya dogara. MOVE kuwa sai bayan XCOPY ya ci jarrabawa, kuma a kan kwafi, tunda shi yana share na asali.

Akwai tarkon da ba na manhaja ba. XCOPY /D sababbin fayiloli kawai yake kwafa, da kwanan wata yake ganewa. Kwamfutar da batirin agogonta ya mutu takan koma 1980 ko shekarar da aka yi BIOS ɗinta duk sanda aka kashe ta, sai aikin yau ya zama ya girmi na bara, ajiya ta tsallake shi shiru. A Pentium, yawanci CR2032 ne, canji na minti ɗaya. A 386 da 486 da yawa batirin ganga ne da aka liƙa da dalma, wanda ke tsiyaya ya ci layukan tagulla. Idan ka ga kore-kore kusa da soket ɗin kibod, cire shi yau, ka goge wurin da ruwan tsami na binega kaɗan sannan sifirit. Wasu kuma Dallas DS1287 gare su, batirin na cikin ƙwayar a rufe.

mTCP

Wannan tarin kayan netwok ne na Michael Brutman: DHCP, PING, FTP, FTPSRV, HTGET, TELNET, NC, SNTP, IRCJR da sauransu, duk suna gudu har a kan 8088. Amfaninsa a wurinmu a fili yake. Fulofi mai kyau ya yi ƙaranci, ƙurar hunturu kuma tana lalata kan na'urar karanta shi. Da kebul ɗin netwok, ka huta da su.

Ana fara ɗora direban katin. Na Realtek RTL8139, wanda ya cika tsofaffin Pentium, RTSPKT 0x60 ne. Na NE2000 sai ka faɗa masa IRQ, wato lambar layin da katin ke kiran furosesa da shi, da adireshi, misali NE2000 0x60 10 0x300, kuma lambobin su dace da yadda aka saita katin. Idan IRQ bai dace ba direban zai ɗoru kamar lafiya, ya aika, amma ba zai ji amsa ba, DHCP ya yi ta jira har ya gaji. Sai ka buɗe fayil da EDIT, ka rubuta PACKETINT 0x60 a ciki, ka ajiye shi a matsayin C:\MTCP\TCP.CFG, sannan:

SET MTCPCFG=C:\MTCP\TCP.CFG
DHCP

DHCP da kansa zai rubuta adireshin da ya samu cikin fayil ɗin. Rautar da za ka haɗa da ita dole ta zama mai ramin kebul. Ƙaramar MiFi ta aljihu da hotspot na waya ba za su yi ba sai da wata na'ura a tsakani. HTGET ba ya iya HTTPS, kuma kusan duk intanet ta koma can, don haka kada ka sa rai da sauke abu kai tsaye. Hanyar da ta fi ita ce ka tayar da FTPSRV a kan tsohuwar, bayan ka shirya masa fayil ɗin sunaye da kalmar sirri, ka turo fayiloli daga laftof da FileZilla. Idan da FTP na mTCP kake jawowa, ka tabbata yana yanayin binary kafin ka taɓa ZIP ko EXE, in ba haka ba zai iso a lalace.

SNTP kuma yana rufe ramin agogon da na ambata. SET TZ=WAT-1, sannan SNTP -set pool.ntp.org a ƙarshen FDAUTO.BAT. Alamar ragewa ce ake sawa duk da muna gaban Landan ta lokacin sanyi da awa ɗaya. Wanda ya rubuta WAT1 agogonsa zai yi baya da awa biyu.

Wuta, zafi, da haruffanmu

Inda ake ɗauke wuta ba sallama, abin tambaya game da kowane kayan saurin faifai shi ne ko yana jinkirta rubutu. LBACACHE na FreeDOS karatu kawai yake riƙewa, rubutu yana wucewa faifai nan take, don haka ya dace da mu. Wanda ya kwaso SMARTDRV daga MS-DOS ya sa masa /X. Duk da haka, wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu, sai ka yi CHKDSK /F ko DOSFSCK kafin ka ci gaba da aiki. Layin FDAPM APMDOS da ke cikin FDAUTO.BAT kada ka cire shi don neman memori: DOS na asali yana barin furosesa tana gudu ko ba ta aikin komai, shi kuwa yana sa ta huta. A zafin Afrilu na Gusau, da laftof mai fanka cike da ƙura, ko kwamfutar da ke kan inbata da sola, za ka ji bambancin da tafin hannunka.

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ babu su a jadawalin 437 da kwamfuta ke tashi da shi, babu su a 850. FreeDOS yana da ƙarin jadawalai, har da wanda aka yi wa harsunan Najeriya, ana ɗora su da DISPLAY da MODE CON CP, amma sai allon EGA ko VGA, domin CGA da MDA haruffansu a ƙone suke cikin ROM. Rubutun da ka yi da su kuma, idan ka buɗe shi a Windows, wasu alamu daban za ka gani a gurbin masu ƙugiya sai an juya shi zuwa UTF-8. A sunan fayil kuwa kada ka kusance su.

Ga mai 1.3 da ke aiki, hanyar sabuntawa gajeriya ce. Ka yi folda C:\TSOHO, ka kwafa FDISK, XCOPY, MOVE da COMMAND.COM na yanzu a ciki. Ka ɗora sababbin a kansu ɗaya bayan ɗaya, kana sake tashi da duba MEM /C bayan kowanne. COMMAND.COM ne na ƙarshe, kuma sai fulofi ko filash mai tashi yana gefenka, domin idan layin SHELL a FDCONFIG.SYS ya nuna fayil ɗin da ya lalace, kanel zai tsaya yana tambayarka inda zai sami wani. A nan sai ka rubuta masa C:\TSOHO\COMMAND.COM /P.